Idan Kyanwarka Ta Tsufa: Yadda Za Ka Kula Da Ita, Da Yadda Za Ka Jure Rashinta

Kyanwa ba ta kai ƙarar ciwo. Kare in ƙafa na masa zafi zai yi ta ɗingishi yana kuka har kowa a gidan ya sani. Ita kuwa sai ta ja jiki ta sami lungu ta kwanta, ta rage tsalle, ta rage wasa, mai ita ya dube ta ya ce, "Ai tsufa ne." Wannan hali gado ta yi daga kakanninta na daji, inda ƙaramar dabbar da ta nuna rauni ita ake fara kamawa. Saboda haka da yawa daga abubuwan da ake jingina wa tsufa a jikin kyanwa, in an bincika, cuta ce mai suna, kuma akwai magani ko aƙalla abin da zai sassauta ta. Mai tsohuwar kyanwa dole ya koyi ganin abin da take ɓoyewa, tun daga ranar da ta fara sanyi har zuwa ranar da za su rabu. Ga matakan.

Mataki na ɗaya: ka san inda take a shekaru

Likitocin dabbobi kan ɗauki kyanwa mai shekara 7 zuwa 10 a matsayin wadda ta manyanta, wadda ta haura 10 kuma tsohuwa ce. In kana so ka kwatanta da mutum, shekararta ta farko kamar 15 ce, ta biyu ta kai ta 24, daga nan kowace shekara a ƙara 4. Mai shekara 10 ke nan tana kusan 56, mai 15 tana 76, mai 20 tana 96. Kyanwar da ke samun kulawa takan kai 12 zuwa 18, wasu ma su wuce 20. Wadda aka fi sani da tsawon rai, Creme Puff ta jihar Texas a Amurka, an haife ta a 1967 ta mutu a 2005, tana da shekara 38. Idan tsintar taka ka yi ba ka san haihuwarta ba, likita zai iya yi maka kirdado daga haƙoranta da idanunta.

Mataki na biyu: sikeli da littafi

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne sauƙi, kuma a ganina shi ne ya fi kowanne amfani. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan ido yakan gaza, domin wanda ke ganin kyanwa kullum shi ne na ƙarshen gane ta rame, ga gashi kuma yana rufe ƙashi. Ka auna ta sau ɗaya a wata, a sikeli ɗaya. Sikelin jarirai ya fi dacewa. In babu, ka hau na manya kana ɗauke da ita, ka sake hawa kai kaɗai, ka debe. Giram 200 ba komai ba ne a jikin mutum, amma a jikin kyanwa mai kilo 4 kashi 5 cikin ɗari ne na nauyinta, kuma ya isa a kai ta a duba. Ka riƙa shafa bayanta ma: idan ƙashin baya da na ƙugu sun fara tsini a ƙarƙashin hannunka, tsoka ce take zubewa.

Ka ajiye ƙaramin littafi, ko ka buɗe wuri a wayarka, ka riƙa rubuta nauyinta, yadda take cin abinci, yawan ruwan da take sha, yawan fitsari, yanayin bahayarta, ranakun da ta yi amai, da duk abin da ta daina yi. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa. Ta daina hawa taga? Ta daina zuwa tarbarka a ƙofa? Tana tsayawa tana shawara kafin ta diro daga kujera? Rubuta da kwanan wata. In ka ga tana tafiya wani iri, ka ɗauki bidiyo, domin a gaban likita tsoro kan sa ta maƙale ta ƙi motsi, ko ta miƙe garau kamar ba ita ba.

Ka koyi ƙirga numfashinta lokacin da take barci: sau nawa ƙirjinta ya ɗaga a cikin daƙiƙa 30, sai ka ninka biyu. Ƙasa da 30 a minti shi ne daidai. In ya riƙa wuce haka a kai a kai, zuciya ko huhu na neman dubawa.

Mataki na uku: likita duk wata shida, da cututtukan da za a nema

Da zarar ta wuce shekara 10, kada ka jira sai ta kwanta. Wata shida a rayuwarta kamar shekara biyu ne a taka. Ka nemi a yi mata gwajin jini, gwajin fitsari, awon hawan jini, a duba baki, a taɓa wuya da ciki. Ka tafi da littafinka. Ga abubuwan da ake farauta.

Ciwon ƙoda shi ne babba, kuma yana daga cikin cututtukan da suka fi kashe tsofaffin kyanwoyi. Alamarsa ta farko shan ruwa da yawa da fitsari da yawa, wanda mutane kan ɗauka alamar lafiya ce su yi murna. Daga baya sai rama, amai, ƙin abinci da warin baki. Matsalarsa ita ce ƙoda na iya rasa wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinta kafin alamu su bayyana a fili. Akwai gwajin jini da ake kira SDMA wanda kan nuna matsalar da wuri fiye da tsohon gwaji, ka tambaya ko ana yi. Likitoci na raba cutar mataki huɗu. Ba a warkar da ita, amma ana rage mata gudu sosai da abinci na musamman mai ƙarancin sinadarin fosfaros, da isasshen ruwa, da maganin tashin zuciya. Kyanwar da aka gano tata da wuri takan yi shekaru tana rayuwarta.

Na biyu, yawan aikin tayirod, wato ɗan sashen nan na wuya wanda in ya kumbura a jikin mutum ake cewa maƙoƙo. An fara bayyana wannan cuta a jikin kyanwa a 1979, yanzu kuma tana cikin waɗanda aka fi gani. Tana da yaudara: kyanwa na ci kamar ba gobe amma tana ramewa, ba ta zama wuri ɗaya, tana kuka da dare, zuciyarta na bugawa da sauri. Mai ita sai ya ce ƙuruciya ce ta dawo mata. Ana magance ta da ƙwaya ta kullum, ko tiyata, ko allurar aidin mai tururin nukiliya a inda ake da kayan aikin, wadda galibi ke warkar da ita gaba ɗaya.

Na uku, hawan jini, wanda yawanci ke biyo bayan waɗancan biyun. Haɗarinsa ido ne: yana iya makantar da kyanwa dare ɗaya. In ka ga baƙin idonta ya buɗe ya ƙi tsukewa ko a cikin haske, ko ta fara karo da kaya, a ranar za ka kai ta, ba gobe ba. Ƙwaya ɗaya ƙarama a rana, amlodifin, takan sauko da shi.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ba ni tausayi, saboda an fi kowanne yin sakaci da shi: ciwon gaɓoɓi. Wani bincike da aka buga a 2002 ya duba hotunan ƙashi na kyanwoyi 100 da suka haura shekara 12, ya tarar 90 daga cikinsu na da alamun lalacewar gaɓa. Amma kyanwa ba ta cika ɗingishi ba, domin ciwon kan kama ɓangarorin biyu a tare. Abin da za ka gani shi ne ta daina hawa sama, gashin bayanta ya cukurkuɗe don ba ta iya lanƙwasawa ta lashe, tana fushi in an ɗauke ta, ko ta fara fitsari a gefen akwatin yashin da take bahaya a ciki saboda tsallaka bakinsa na mata zafi. Kada ka daka mata tsawa a kan wannan. Ba rashin kunya ba ne. Akwai magungunan zafi da aka yi don kyanwa, har da allurar wata-wata mai suna Solensia da aka amince da ita a Amurka a 2022. Masu bincike a Jami'ar Montiriyal da ke Kanada sun fitar da ma'aunin gane zafi daga fuskar kyanwa a 2019, kuma kowa na iya koyonsa: kunnuwa sun kwanta sun baje gefe, idanu a tsuke, baki a ɗaure, gashin baki ya miƙe ya yi gaba, kai ya sunkuya ƙasa da kafaɗa. Ka sani kuma gurnanin da take yi ba kullum ne na jin daɗi ba. Kyanwa mai ciwo ma tana yi.

Sai ciwon haƙori da dasashi, wanda ke sa ta matso kusa da abinci da yunwa sannan ta juya, ko ta riƙa tauna da gefe ɗaya. Sai ciwon sukari, mai kama da na ƙoda wajen shan ruwa da rama. Sai rikicewar tunani irin ta tsufa: ta tsaya tsakiyar ɗaki kamar ta manta inda za ta, ta riƙa ƙwala kuka cikin dare. Kafin a ce rikicewa ce, sai an tabbatar ba tayirod ba ne, ba hawan jini ba ne, ba kurumta ba ce, ba zafi ba ne, domin duk suna kawo kukan dare.

Mataki na huɗu: sauko mata da gidan ƙasa

Duk abin da take buƙata ya kasance inda za ta kai gare shi ba tsalle. In gidan bene ne, a kowane hawa a sami ruwa da wurin bahaya. Akwatin yashi ya zama mai faɗi, bakinsa gajere, yashin mai laushi. Ƙa'idar ita ce akwati ɗaya ga kowace kyanwa, da ƙarin ɗaya. Ka sa mata ɗan akwati ko kujera 'yar tsugunne a matsayin matakala zuwa wurin da ta saba kwanciya, kada tsufa ya raba ta da tagar da take so. Ka shimfiɗa abin da ba ya santsi a inda take dirowa. Makwancinta ya zama mai taushi da ɗumi, nesa da iska, domin ramammen jiki ba ya riƙe zafi.

Ka riƙa taje mata gashi a hankali, musamman baya da gindin wutsiya. Ka duba faratanta duk mako biyu: na tsohuwar kyanwa kan yi kauri su lanƙwashe har su shige cikin tafin ƙafa, ita kuma ba za ta nuna maka ba. In ta makance ko ta kurumce, kada ka riƙa sauya wa kayan ɗaki wuri, kuma ka bar ta ta ji motsinka ko ƙanshin hannunka kafin ka taɓa ta. Irin wannan kada a bar ta ta fita waje ita kaɗai. Ƙaramar fitila da dare na rage wa wasu firgita.

Mataki na biyar: ci da sha

Kyanwar da ta wuce shekara 11 ko 12 ba ta narkar da mai da furotin kamar da, don haka abin tsoro a wannan shekarun rama ce, ba ƙiba ba. Kada ka rage mata furotin da kanka sai likita ya ce. Ka ba ta kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana. Ɗumama abincin ya kai kamar ɗumin jiki na tayar da ƙanshinsa, hancin tsohuwa kuwa ba ya jin ƙanshi kamar da. Faranti mai faɗi da aka ɗan ɗaga daga ƙasa na sauƙaƙa wa mai ciwon wuya. In za a sauya mata abinci, a yi shi cikin mako ɗaya ko biyu ana gauraya sabo da tsoho.

Kyanwa na buƙatar ruwa wajen mililita 50 ga kowane kilo na nauyinta a rana, har da wanda ke cikin abinci. Jiƙaƙƙen abincin gwangwani kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari ruwa ne, busasshe kuwa wajen kashi 10 kawai, shi ya sa jiƙaƙƙen ya fi dacewa da tsohuwa. Ka ajiye kwanukan ruwa a wurare da yawa, nesa da abinci da akwatin yashi. Madara ba ta maye gurbin ruwa, yawancin manyan kyanwoyi ma zawo take sa su.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: kyanwar da ta yini ta kwana ba ta ci komai ba, a kira likita. In ta kwana biyu ko uku da yunwa, kitse kan taru a hantarta, wannan kuma kansa cuta ce mai kisa.

Mataki na shida: abin da ba ya jira, da abin da ba a bayarwa

A garzaya da ita nan take in tana numfashi da baki a buɗe, in ƙafafunta na baya sun mutu farat ɗaya tana ihu, in ta faɗi ko tana farfaɗiya, in dasashinta ya yi fari ko shuɗi. Muzurun da ke ta zuwa wurin fitsari yana nishi ba abin da ke fita, mafitsararsa ce ta toshe, kuma yana iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Kada ka taɓa ba kyanwa maganin mutane don tausayi. Farasitamol guba ce gare ta, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Ibufurofen ma haka. Maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fametirin na sa ta karkarwa har ta mutu. Albasa da tafarnuwa na lalata mata jini, furen ado da ake kira lili kuma na kashe ƙoda ko da ƙurar furen kawai ta lasa.

Mataki na bakwai: lokacin da magani ya daina ja da cuta

Ranar za ta zo da likita zai ce abin da ya rage shi ne a sauƙaƙa mata. Daga nan tambayar ta tashi daga "kwana nawa za a ƙara mata" zuwa "wane irin kwana ne". Wata likitar dabbobi a Amurka, Alice Villalobos, ta tsara ma'auni mai abubuwa bakwai da ake ba kowanne maki har zuwa 10: zafin ciwo da sauƙin numfashi, cin abinci, ruwan jiki, tsabta, walwala, iya motsi, da kuma ko ranakun daɗi sun fi na wahala yawa. Jimillar da ta haura 35 na nuna rayuwar tana da sauran daɗi. Lissafi ba zai yanke maka hukunci ba, amma yana hana zuciya ta yaudare ka, domin mai ƙauna yakan riƙe awa ɗaya da ta ɗan farfaɗo ya manta da sauran awa 23.

Ka sami kalanda ka riƙa sa alama kowane dare: yau ranar daɗi ce ko ta wahala. Ka rubuta abubuwa uku da ta fi so a duniya, misali kwanciya a rana, zama a cinyarka, da wani abinci. Idan biyu sun tafi, na uku na tafiya, ta gaya maka abin da za ta iya gaya maka.

Ka tambayi likita kai tsaye: yaya ƙarshen wannan cutar yake in an bar ta? Mutane da yawa na fatan kyanwarsu ta mutu cikin barci, amma ƙarshen ciwon ƙoda ko na zuciya sau da yawa ba haka yake ba, akwai amai, ƙishi da shaƙewar numfashi. Likita na iya kawo ƙarshen wahalar da allurar da ke ƙare rayuwarta ba tare da zafi ba. Wannan shawara ce mai nauyi, kuma wasu za su so su tuntuɓi wanda suka yarda da iliminsa a addini kafin su yanke. Su yi hakan da wuri, tun kafin daren da za a rasa yadda za a yi. Wanda kuma ya zaɓi ya bar ta ta cika da kanta, nauyin da ke kansa shi ne kada ta cika cikin azaba: maganin zafi, maganin tashin zuciya, shimfiɗa mai tsabta, da likitan da za a iya kira. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kau da kai a ce "a bar ta kawai" alhali tana shan wuya.

Mataki na takwas: ranar rabuwa

In allurar aka zaɓa, sanin abin da zai faru na rage firgici. Yawanci ana fara ba ta maganin da zai kwantar da ita ta yi barci mai nauyi, sannan a yi mata ta biyu a jijiya, wadda ke tsayar da numfashi da zuciya cikin minti ɗaya ko biyu. Idanunta za su zauna a buɗe. Tana iya sakin fitsari, jikinta na iya ɗan motsi, ko ta ja dogon numfashi bayan ta riga ta tafi. Wannan duk aikin jiki ne, ba ta jin komai. Wasu likitoci na zuwa gida, ka tambaya. In za ka iya tsayawa tare da ita, ka tsaya, hannunka a kanta, muryar da ta sani a kunnenta. In ba za ka iya ba, ka yi sallama da ita bayan ta yi barcin farko, babu laifi a ciki. Ka biya kuɗin asibiti tun kafin a fara, kuma ka tafi da wanda zai dawo da kai gida.

In za ka binne ta, ka duba dokar inda kake. Ramin ya kai wajen mita ɗaya, nesa da rijiya ko magudanar ruwa, a naɗe ta da ƙyallen da zai ruɓe, a ɗora dutse a sama. Zurfin na da muhimmanci, domin maganin allurar na zama a jikinta kuma yana kashe dabbar da ta tono ta ci.

Mataki na tara: alhinin

Za ka ji abin da ba ka zata ba. Za ka farka a lokacin da ta saba tashinka. Za ka ga kamar wulgawarta ta gefen ido, ka ɗaga ƙafa don kada ka taka ta. Sabo ake yi wa kuka, kuma wadda ta yi shekara 15 tana kwana kusa da kai, ta ga ranakunka masu daɗi da marasa daɗi, sabo da ita ba ƙarami ba ne.

Abin da ke ƙara wa wannan rashi ciwo shi ne ba a yi maka jaje. Wani zai ce, "Kyanwa ce fa, samo wata." Masanin alhini Kenneth Doka ya ba irin wannan suna a 1989: baƙin cikin da jama'a ba su ba mutum izinin yi ba, sai ya haɗiye shi ya kuma ji kunyarsa. Babu abin kunya a ciki, kuma ba sabon abu ba ne. A tsibirin Saifurus an tono kabari mai shekara wajen 9,500 inda aka binne mutum da kyanwa kusa da juna. Hirodotus, marubucin tarihi na Girka, ya ruwaito cewa a tsohuwar Masar in kyanwa ta mutu a gida, mutanen gidan kan aske girarsu don juyayi. Kada ka ɓata ƙarfinka wajen fahimtar da wanda bai taɓa riƙe dabba ba. Ka nemi mutum ɗaya da zai saurare ka ba tare da murmushi ba, ka ba shi labarinta da sunanta.

Sai zargin kai, wanda shi ne ya fi daɗewa. Wanda ya yi allura zai ce ya yi gaggawa, wanda ya jira zai ce ya makara, wanda bai lura da wuri ba zai ce da ya kai ta tun watan jiya. Da-na-sani ƙeya ce. Yau kana hukunta kanka da ilimin da ba ka da shi a ranar, a kan dabbar da halittarta ce ta ɓoye ciwo har ga masu ilimin. A nan littafin da ka ajiye zai yi maka aikinsa na ƙarshe: ka buɗe ka ga nauyin da ke sauka wata bayan wata, da alamun kalanda, ka ga cewa ba a kan son rai ka yanke ba. In wata tambaya ta tsaya maka a rai, ka koma wurin likitan ka yi ta. Yawancinsu na maraba da hakan.

Kada ka tilasta wa kanka kwashe kayanta a rana ɗaya, kada kuma ka bari wani ya kwashe ba da saninka ba. Lokutan da suka fi zafi su ne na ba ta abinci da magani, musamman ga wanda ya yi watanni yana jinya, don haka ka cike su da wani abu, ko da fita tattaki ne. In ka ji wani sauƙi ya sauko maka bayan ta tafi, ba cin amana ba ne, gajiyar jinya ce. Wasu kan sami natsuwa da ajiye hoto, ko dasa bishiya, ko ba da sauran abincinta da magungunanta ga masu kula da dabbobin da ba su da gata. Alhini ba ya bin layi, yau ka ji dama, gobe ya dawo sabo. Amma in makonni sun wuce ba ka iya ci, ba ka barci, ba ka iya aiki, ko tunanin cutar da kanka ya fara zuwa, ka ga likita ba tare da jinkiri ba. Wannan ya fi shafar wanda ke zaune shi kaɗai, ko wanda rashin ya fama masa wani tsohon rashi.

Ga yara, a faɗa musu gaskiya da kalmomi masu sauƙi: ta yi ciwo mai tsanani, jikinta ya daina aiki, ta mutu, ba za ta dawo ba. Kada a ce ta yi barci, domin yaro na iya jin tsoron kwanciya. Kada a ce ta gudu, domin zai yi ta jira a ƙofa. A tabbatar masa ba wani abu da ya yi ne ya jawo ba, ko da bai tambaya ba. Ƙananan yara za su maimaita tambayar sau da yawa, a riƙa amsawa. Babu laifi su ga hawayenka.

In akwai wata kyanwa a gidan, ita ma za ta iya canzawa: ta riƙa zagaye tana nema, ta rage ci, ta ƙara kuka ko ta manne maka. Ka riƙe mata lokutan abinci da wasa yadda suke. Dokar nan ta yini da kwana ba ci tana kanta ita ma, kada a ce kewa ce kawai a bar ta.

Batun sabuwar kyanwa kuwa, babu adadin kwanakin da aka ƙayyade. Wani bayan wata ɗaya ya shirya, wani sai bayan shekaru, wani ba zai sake ba. Abin dubawa shi ne ko kana neman wata ce daban, ko waccan kake nema a cikin sabon jiki. In na biyun ne, ka dakata, domin sabuwar za ta zo da halinta, kuma ba adalci ba ne ta rayu ana gwada ta da wadda ba ta sani ba. Ka shawarci duk mutanen gidan kafin ka kawo ta. In tsohuwar ta mutu ne da cuta mai yaɗuwa, ka tambayi likita tsawon lokacin da za a jira da yadda za a wanke gidan da kayanta kafin wata ta shigo.